Shekarar da Hilari Bai Zo Tolland Ba

A Kwalejin Tolland ba mu san Janairu ba. Muna jin sunansa a rediyo, muna ganinsa a kalandar banki, amma ba ya ƙetare ƙofarmu. Ka tambayi malami yaushe 'yarsa ta haihu, zai ce maka a mako na uku na Hilari. In ka sake tambayarsa wane wata ke nan, sai ya dube ka yadda ake duban wanda ya shigo ɗakin cin abinci da taɓo a takalmi. Hilari shi ne zangon karatu na farkon shekara, wanda yake kamawa cikin tsananin sanyi ya ƙare gab da Ista. Sunan wani waliyyi ne da ya mutu tun Ingila ba ta yi mafarkin jami'a ba, kuma ina shakka ko akwai mutum uku a kwalejin da suka san abin da ya yi a duniya.

Can ɗaya garin, wanda ba ma kiran sunansa a kan teburi, su ma suna da tsohuwar jami'a. Sanyinsu irin namu ne, ruwan samansu irin namu, ɗalibansu ma a aji suke barci kamar namu. Amma su Lent suke kiran zangon, da sunan azumin da ake yi kafin Ista. Wannan kaɗai ya ishe mu sanin cewa ba su sami tarbiyya ba.

Sunana Nesta Pryce, ilimin duwatsu nake koyarwa a Tolland shekara talatin da ɗoriya, don haka na sha jin ana yi wa baƙi tinƙaho da al'adunmu guda biyu har na haddace. Ta farko ita ce ta kofi. A liyafar buɗe zango, malamin da ya fi kowa daɗewa a kwaleji, wanda muke kira dattijo, yakan miƙe da wani kofin azurfa mai hannu biyu cike da giya, ya kira sunan zangon, ya kurɓa, ya miƙa wa na kusa da shi. Ba mai magana har kofi ya zagaye teburi. Abin da dattijo ya kira shi ne zango. Zango ba ya shiga sai ya kira shi, ba ya fita sai ya kife kofin a liyafar ƙarshe. Ana ba da labarin wata shekara da ƙanƙara ta tsare dattijo a ƙauyensu, ɗalibai suka yi ta shiga aji ana koya musu, kuma har yau matsayin kwaleji shi ne ba a koyar da komai ba a waɗannan makonnin.

Ta biyu ita ce bango. A rumfar da ta kewaye tsakar gida, duk malamin da ya mutu ana kafa masa ɗan allon dutse. Suna, abin da ya koyar, zangon da ya mutu a ciki, da shekara. Ba rana, ba wata, ba addu'a. Mutum ya yi shekara hamsin yana surutu, a taƙaice shi a layi uku.

Dattijonmu a lokacin shi ne Farfesa Aldous Penhale, masanin tarihin shari'a, dogo siriri mai gira kamar tsintsiya. Mutum ne da zai iya ɓata yini guda kan ko ta hagu ake miƙa gishiri ko ta dama. Allah da ikonsa sai ya haɗa shi da Dakta Maud Garside, malamar lissafi, gajeriya mai dariya da ƙarfi, wadda aka haifa aka raina aka karantar a can ɗaya garin. Ta zo Tolland da ƙuruciyarta, ta kama aiki, ta aure shi, ta zauna shekara arba'in da 'yan kai. Ta koyi komai namu, har da cin dafaffen kabejin kicin ɗinmu ba tare da ƙorafi ba. Abu ɗaya ne ta ƙi. Bakinta bai taɓa furta Hilari ba.

Ga ɗalibai takan ce jarrabawa tana ƙarshen Lent, su yi ta zare ido. A taron malamai in an ce Hilari, sai ta juya ta tambayi na kusa da ita, a hankali amma yadda kowa zai ji, ko Lent ake nufi. Kowace shekara Penhale zai miƙe da kofi ya kira Hilari yana satar kallonta, ita kuma, da yake magana aka hana ba tari ba, sai ta kai ƙyalle baki ta yi tari guda ɗaya, wanda duk mai kunne ya san abin da ke cikinsa. Allah bai ba su haihuwa ba, sai suka ɗauki gardamar nan suka raine ta. Suna ciyar da ita safe da yamma, suna tafiya da ita hutu bakin teku. Na sha cin abinci a gidansu, kuma ban taɓa ganin miji da mata da suke jin daɗin juna kamarsu ba, ko da yake da na faɗa musu haka da sun haɗu sun kore ni.

Maud ta rasu a tsakiyar Hilari. Ciwon huhu ne, kwanciyar 'yan kwanaki. Aminiyata ce, kuma na yi kuka har idona ya kumbura. Penhale kuwa ko ɗigo. A wurin jana'iza har ya gyara wa limamin cocinmu, Rabaran Osgood, furucin wata kalmar Latin. Mutane suka ce ai wannan shi ne jarumta. Ni na ce rashin zuciya ne, na daina gaishe shi.

Bayan 'yan makonni sai ga shi a ofishina. Bai taɓa hawa benen 'yan kimiyya ba, don a ganinsa mu masu wanke kwalabe ne. Ya tsaya da hula a hannu ya ce yana so in goya masa baya a Kwamitin Bango, so yake a rubuta Lent a allon Maud. Na ce masa ai ihu ne bayan hari, tana da rai bai sakar mata gardamar ko sau ɗaya ba. Bai musa ba. Ya zauna ba tare da na ba shi kujera ba, ya ba ni labarin ranarta ta ƙarshe a asibiti. Ta farka daga barci ta tambaye shi mako na nawa ake ciki, ya ce na biyar na Hilari. Ta ce, da ɗan numfashin da ya rage mata, Lent dai, Aldous. Shi kuma, da yake mai hali ba ya fasa halinsa, ya ce Hilari. Ta yi murmushi ta buɗe baki za ta rama, sai barci ya ɗauke ta. Ya tafi gida yana shirya abin da zai ce mata gobe.

"Ni na yi maganar ƙarshe, Pryce," in ji shi. "Shekara arba'in ina nemanta, ga shi na samu. Ki gaya mini abin da zan yi da ita."

Na haɗa masa shayi, kuma daga ranar na koma gaishe shi.

Shugaban kwaleji a lokacin shi ne Crispin Yelland, tsohon ma'aikacin gwamnati da aka ɗauko saboda ya iya zama kusa da masu hannu da shuni. Bai yi karatu a Tolland ba, saboda haka ya fi kowa riƙo da al'adunta. Ya buɗe taron kwamiti da yabon Maud, ya yi ta yabo har na gane cewa ba za a ba ta komai ba. Sannan ya ce bango ba ya faɗin inda mutum ya fito ko abin da ya fi so. Zangon da ya mutu a ciki kawai yake faɗa, zango kuwa shi ne abin da dattijo ya kira. Ya juya cikin ladabi ya tambaya, "To, wa ya kira mana Hilari a bana, Farfesa?"

Penhale ne ya kira shi, kowa ya sani. Wani kuma ya tuna masa da matar wani malami da ta taɓa roƙo a ƙara ranar mutuwar mijinta a allo, Penhale ya miƙe ya yi jawabi mai tsawo cewa dutsen da aka kafa ba a taɓa shi, kuma bango ba wurin lallashi ba ne. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Wani matashin malamin tattalin arziki ya so ya raba gardama, ya ce me zai hana a rubuta Zango na Biyu. Bawan Allah bai san ya taɓo abu ɗaya tak da Maud da mijinta suka yarda a kai ba, wato duk mai cewa Zango na Biyu kanti ya kamata ya je ya tsare. Aka ce a ɗaga hannu. Nawa ya tashi, na Penhale ya tashi. Rabaran Osgood ya sami wani abin sha'awa a jikin rufin ɗaki ya yi ta kallo.

Da rani, lokacin zafin ƙasar nan, aka kafa allon. Maud Garside, Lissafi, Hilari. Penhale ya riga ya bar gidansu ya dawo ɗakinsa na cikin kwaleji, kuma daga tagata ina hango shi kowace safiya tsaye gaban allon, leɓɓansa na motsi. Na ɗauka gafara yake nema. Daga baya ya ce mini gardamar ce yake ci gaba da yi, yana yin nasa yana yin nata, kuma kullum ita ke cinye shi.

Da kaka ya fara ramewa. Baƙar rigarsa ta malamai ta koma kamar an rataye ta a ƙusa. Gab da Kirsimeti muka haɗu a tsakar gida, ya gaya mini ciwon daji ne, likita ya ce da wuya ya ga rani. Ya faɗe shi yadda mutum zai ce jirgin ƙasa ya makara. Sannan ya tambaye ni ko har yanzu ina shan giya, ko likita ya hana ni. Na ce ina sha, kuma ba ruwansa. Ya ce madalla, ya wuce. Na bi shi da kallo ina tunanin ciwon ya fara taɓa masa kai.

Liyafar buɗe zango ta zo. Kyandirori, baƙaƙen riguna, ɗalibai a ƙasa, mu a babban teburi muna jiran miyar da ta huce tun a kicin. Penhale ya dafa teburi ya miƙe da kyar. Ya ɗaga kofi, ya dubi kujerar da Maud take zama, wadda yanzu malamin tattalin arziki ke kai. Sai ya ce, da muryar da ta kai har ƙofa, "Lent."

Ya kurɓa, ya miƙo mini, domin ni ce mai bi masa a daɗewa. A nan na gane tambayarsa ta giya. Da na ajiye kofin, kiran ya faɗi, a ce tsufa ne, a sake. Na riƙe hannayen kofin nan biyu masu sanyi, na tuna tarin Maud, na sha, na ma wuce abin da al'ada ta ce. Na miƙa wa na gaba.

Mutanenmu sun gwammace gida ya ƙone da a ce sun ta da hayaniya a kan teburi. Kowa ya karɓi kofin yana duban na gabansa, yana fata shi ne zai yi ta maza ya ƙi. Na gaba kuma ya ga ai na baya ya sha, shi wane ne. Haka ya zagaya, farfesa bayan farfesa, kowa na kurɓa yana harara. Magana kuma an hana. Shugaba ne na ƙarshe. Ya daɗe yana kallon cikin kofin kamar zai ga mafita a ƙasansa, sannan ya shanye kamar maɗaci.

Washegari aka kira taron gaggawa, aka yi ta neman ƙofar fita. Sai dai mutum ɗaya ne a Tolland ya san dokokin kwaleji ciki da bai, shi ne kuma Penhale, yana zaune a ƙarshen teburi da hannu a harɗe. Duk abin da aka kawo sai ya mayar musu da maganar Shugaba ta bara, kalma bayan kalma: zango shi ne abin da dattijo ya kira. Kafin mako ya zagayo labari ya cika gari. Sauran kwalejojin jami'armu suna Hilari, mu kaɗai muna Lent. Ɗalibanmu suka sha tsiya a gidajen giya. Wani malami daga can ɗaya garin ya aiko mana da kwandon kyafaffen kifi, wai don ya taya mu azumi.

A taro na gaba Penhale yana asibiti. Yelland ya ce a yi haƙuri a daure, 'yan makonni ne, za su wuce kamar mura, ba abin da zai saura da zai nuna an taɓa yi. Kowa ya fara sakin fuska. Sai Rabaran Osgood, wanda bai taɓa faɗin abu mai amfani a taro ba, ya yi gyaran murya ya ce, "Sai dai fa in wani ya rasu a ciki."

Idanu suka koma kan kujerar Penhale. In ya mutu kafin a rufe zango, dole a sassaƙa Lent a bangon Tolland, da hannunmu, ya zauna har tashin duniya.

Ban taɓa ganin ƙauna irin wadda ta sauka a kan tsohon nan ba. Da aka sallamo shi daga asibiti, tagar ɗakinsa da ya yi shekara ashirin yana ƙorafin tana shigo da iska, a yini ɗaya aka gyara ta. Aka kawo na'urar ɗumama ɗaki, aka kawo barguna, aka ɗauko ma'aikaciyar jinya, aka kira babban likita daga Landan. Kicin ɗin da bai taɓa sanin ɗanɗano ba ya fara fitar da romon kaza mai ƙamshi. Aka rage buga ƙararrawar safe don kada ta tashe shi. Malaman da rabonsu da coci tun ranar aurensu suka fara cika benci, ana roƙa wa Farfesa lafiya da murya ɗaya. Mutanen da ya ci wa mutunci a taro shekara da shekaru suna tare ni a hanya da fuskar tausayi suna tambaya ko ya ci abinci. Shugaba da kansa yakan hau bene kowace safiya ya ce ya jiki, yana auna shi da ido yadda mai kiwo ke auna rago. Matarsa, Misis Yelland, ta saƙa masa mayafin wuya, tana kawo zuma da lemo.

Abin haushi, sai jiki ya fara karɓa. Kumatunsa suka ɗan ciko. Likitan Landan ya ce in aka ci gaba haka zai ga Ista, ya ma wuce.

Ni kuwa na shiga uku. Ina son tsohon nan ya rayu, don shi kaɗai ya rage mini daga Maud, kuma na fara ƙaunarsa duk da halinsa. Amma duk cokalin romon da ya kai baki ina ganin Yelland ne ke cin nasara. Na ji kunyar kaina da wannan tunanin, kuma kunyar ba ta hana ni yin sa ba. Shi kuwa ko a jikinsa. Yana shanye romo ya nemi ƙari. Wata rana na kasa daurewa na ce masa ashe da kaza ake sayensa, ya ta da ƙura a banza, zango zai ƙare a share shi kamar ba a yi ba.

"Pryce," ya ce yana suɗe cokali, "shekara hamsin ina cin kabejin gidan nan. Ki bar ni in ci kaza."

Asabar ɗin ƙarshe ta zo, Penhale na nan da ransa, ko da yake ƙafafu sun ƙi, ba ya sauka daga gado. Yelland ya shigo liyafar rufe zango yana walƙiya kamar ango. Ya sa aka fito da giyar da ake ɓoye wa manyan baƙi. Aka ci, aka sha, har wasu suka yi dariya. Aka kawo kofin azurfa aka ajiye a gaban kujerar dattijo don a kife shi, kamar yadda ake yi kullum ba tare da kowa ya lura ba, don lokacin hankali yana kan hutu. Sai aka ga ba kowa a kujerar.

Farfesoshi sun fi ashirin a teburin nan, wasunsu duniya ta san da su. Sun yi makonni suna lissafin numfashin mutum, ba wanda ya tuna cewa hannun da ya buɗe shi ne zai rufe. Kuma muddin dattijo yana numfashi, ba mai taɓa masa kofi. Sun kwashe ƙarfinsu da romonsu sun raya mutum ɗaya tilo da zai iya hana su fita.

Muka yi jerin gwano a baƙaƙen rigunanmu muka hau bene, Shugaba a gaba riƙe da kofi. Penhale yana kishingiɗe da mayafin Misis Yelland a wuya. Da ganin fuskarsa na san tun Kirsimeti yake jiran wannan hawan benen.

"Farfesa," in ji Yelland, da muryar da yake roƙon attajirai, "mun kawo maka kofi har gado, ka rufe mana zango kowa ya huta."

"Na gode, Shugaba. Ajiye shi can kan teburi. Bakinsa sama."

Yelland ya yi bayani. Ya ce akwai jarrabawa, akwai zangon Tiriniti da ba zai buɗu ba sai an rufe wannan, akwai mutuncin kwaleji. Penhale ya saurara yana gyaɗa kai kamar ana ba shi labarin wata ƙasa. Da Shugaba ya ga ba ci, sai ya yi abin da ban taɓa zato ba. Ya ce a gaban kowa, in Farfesa ya kife kofi yau, za a cire allon Dakta Garside a sassaƙa sabo da Lent. Abin da muka ɗaga hannu a kansa ke nan, mu biyu, aka yi mana dariya. Na dubi Penhale ina jira ya miƙa hannu.

"A'a," ya ce. "A Hilari ta mutu. Ni na kira shi da bakina, kai ka tuna mini. Maud ba ta son lissafin da aka gyara don a faranta wa mutum rai, kuma ba kyauta take nema a wurinku ba. A wurina take nema."

Ya ɗan huta, numfashi na yi masa wuya. Sannan ya ce, "Tana cikin magana na katse ta, Shugaba. Yanzu na ba ta fili. Sai ta gama."

Muka sauko bene ɗaya bayan ɗaya, kofi ya kwana a can.

Ista ta zo ta wuce muna Lent. Itatuwa suka yi ganye, sauran jami'a ta shiga Tiriniti, ɗalibanmu suka fara shirin jarrabawar rani a cikin zangon sanyi. Romon kaza ya koma kabeji. Likitan Landan ya daina samun lokaci. A coci benci ya koma wayam, addu'ar ma ta sauya, Rabaran Osgood ya bar roƙon lafiya ya koma roƙon Ubangiji ya yi nufinsa, kuma na ji ana amsa amin da ƙarfi fiye da da. Mutum ɗaya ce ba ta daina zuwa ba, Misis Yelland. Ashe ita da gaske take yi. Takan zauna ta karanta masa jarida, yana gyara mata furuci, tana ce masa ya yi mata shiru.

Ya rasu a watan da mutanen waje suke kira Mayu, wata la'asar mai rana, taga a buɗe, ana jin ƙarar masu yanke ciyawa. Ina zaune kusa da shi. Ya buɗe ido ya tambaye ni mako na nawa muke ciki. Na ce lissafi ya ɓace mini, mun wuce inda ake ƙirgawa.

"Na wane zango?" ya ce.

"Na Lent, Penhale."

Ya gyaɗa kai. Na ga leɓɓansa sun motsa don sabo, sai ya haɗa su ya rufe. Bai ƙara komai a kai ba.

Da mutuwarsa na zama dattijuwa. Tun ba a binne shi ba Yelland ya zo mini da kofi. Na ce masa hannuna yana ciwo, kuma ina jin ba zai warke ba sai mai sassaƙa ya gama aikinsa, don na san Kwamitin Bango, in aka ba su rana za su sami dalili. Ban taɓa ganin an yi aikin dutse da sauri haka a Tolland ba. Na je da kaina na sa yatsa cikin haruffan na tabbatar sun nutsu, sannan da yamma na kife kofi.

Alluna biyun suna nan jere a rumfa, kusa da ƙofar coci. Maud Garside, Lissafi, Hilari. Aldous Penhale, Tarihin Shari'a, Lent. Ɗaliban da ke zagayawa da baƙi sukan tsaya a nan su ce wannan wani farfesa ne daga can ɗaya garin da ya auri 'yar gida, ya ƙi sakin kalmar garinsu har ya mutu. Ina ji ina wucewa, ba na gyara musu.

Da sanyi ya dawo na miƙe da kofin azurfa a gaban kowa. Yelland ya kafa mini ido, gumi na tsatso masa a goshi. Na kira Hilari, na ji ɗakin ya sauke numfashi. Ban kurɓa nan da nan ba. Na ɗan dakata da kofin a hannu, ina saurare. Ba wanda ya yi tari.